Saukar da Baƙin Ƙarfe: Awon Hujjar Masu I'ijazin Kimiyya da Ma'aunin Luga da na Ilmin Taurari



Daga cikin misalan da masu magana a kan i'ijazin kimiyya a Alƙur'ani suke kawowa, da wuya a sami wanda ya kai mas'alar baƙin ƙarfe farin jini. Ana jin ta a zaurukan tafsirin azumi, ana karanta ta a ƙananan littattafan wa'azi, tana kuma yawo a gajerun bidiyon da ake tura wa juna ta waya. Gundarin maganar shi ne: a Suratul Hadid, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci baƙin ƙarfe da fi'ilin saukarwa, sai ga masana taurari a ƙarni na ashirin sun gano cewa ba a doron ƙasa aka samar da shi ba, ba kuma a cikin rana ba, a cikin wasu manyan taurari ne, daga can ya iso mana. Don haka, in ji su, ayar ta riga kimiyya da ƙarnoni masu yawa. Masanin ilmin ƙasa ɗan Masar, Zaglul an-Najjar, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa wannan fassara, kuma daga rubuce-rubucensa da na irinsa masu wa'azi da dama suka ɗebo ta.

Ba na shakkar kyakkyawar niyyar masu kawo wannan hujja. Abin da nake ji wa tsoro shi ne ɗalibin da ya ji ta yana yaro, ta zauna masa a zuciya a matsayin ɗaya daga cikin turakun imaninsa, sa'an nan ya shiga jami'a ya karanta ilmin fiziya ya tarar rabin abin da aka gaya masa ba haka yake ba. Irin wannan ɗalibi ba kullum yake iya raba kuskuren mai wa'azi da gaskiyar Littafi ba. Wannan ya sa ya wajaba mu auna hujjar da kanmu tun kafin wani ya auna mana ita. Awon kuma ba zai yiwu ba sai mun fara sanin ainihin abin da masana suka tabbatar game da asalin sinadarai, domin yawancin masu jayayya a kan mas'alar, masu yarda da masu musu, labarin suka ji daga nesa.

Abin da ya faru a mintocin farko

Kowane sinadari na asali ana gane shi ne da yawan furoton da ke cibiyar ƙwayar zarrarsa. Haidurojin yana da ɗaya, hiliyam biyu, kabon shida, oksijin takwas, baƙin ƙarfe 26, zinariya 79. Tare da furoton akwai niyutiron, wanda nauyinsa kusan ɗaya ne da na furoton amma ba ya ɗauke da cajin lantarki. Samar da sabon sinadari yana nufin a haɗa cibiyoyi biyu su zama ɗaya, wannan kuwa aiki ne mai wuya, saboda cibiyoyin duk caji iri ɗaya gare su, suna tunkuɗe juna. Sai da zafi mai tsanani da matsi suke kusantar juna har su manne.

Bisa lissafin masana a yau, shekarun wannan halitta da muke iya gani sun kai kimanin biliyan 13.8, kuma ta faro ne a cikin wani hali na zafi da cunkoso, tana ta buɗewa tana hucewa. Wannan shi ne abin da ake kira Babbar Fashewa. Sakan ɗaya bayan farawa, zafin ya kai kimanin digiri biliyan goma. A lokacin babu wata cibiyar zarra da za ta iya tsayawa: da zarar furoton da niyutiron sun haɗu, sai haske mai ƙarfi ya raba su. Sai da aka yi kimanin minti uku, zafi ya sauko kusa da digiri biliyan ɗaya, sa'an nan haɗuwar ta fara ɗorewa. A wannan ɗan jira wasu niyutiron sun riga sun rikiɗe sun koma furoton, domin niyutiron da ke shi kaɗai ba ya daɗewa, tsawon rayuwarsa kimanin minti goma sha biyar ne. Abin da ya rage shi ne niyutiron ɗaya ga kowane furoton bakwai.

Daga nan lissafin ɗan firamare ne. A ɗauki furoton 14 da niyutiron 2. Niyutiron biyun za su kama furoton biyu su zama cibiyar hiliyam ɗaya mai nauyin huɗu, furoton 12 su saura a matsayin haidurojin. Huɗu cikin goma sha shida rubu'i ke nan. Kuma abin da aka auna a tsofaffin taurari da gajimaren iskar da ke sararin samaniya ya dace da haka: kimanin kashi 75 cikin ɗari na nauyi haidurojin ne, kashi 25 hiliyam, sai ɗan burbushin haidurojin mai nauyi da litiyam. Kafin minti ashirin su cika, wutar ta huce, aikin ya tsaya.

Me ya hana a ci gaba zuwa kabon da oksijin da baƙin ƙarfe? Babu cibiyar zarra mai ɗorewa da ke da nauyin biyar, babu kuma mai nauyin takwas. In an ƙara wa hiliyam furoton ko niyutiron ɗaya, nan take abin zai wargaje. In an haɗa hiliyam biyu, haka. Tsani ne da aka cire wa matakai biyu tun daga ƙasa, lokaci kuma bai isa a yi tsalle ba. Saboda haka a ƙarshen waɗannan mintoci babu ƙasa, babu dutse, babu ruwa, domin oksijin da ake haɗa ruwa da shi bai samu ba tukuna.

Maƙerar taurari

Bayan shekaru miliyan ɗari ko fiye, iskar haidurojin da hiliyam ta dunƙule ta zama taurarin farko. Tauraro yana da abin da mintocin farko suka rasa, wato lokaci da matsi mai ɗorewa. Arthur Eddington ya yi hasashe a 1920 cewa hasken rana daga mayar da haidurojin hiliyam yake fitowa. A 1925 Cecilia Payne ta nuna a kundin digirinta cewa mafi yawan jikin taurari haidurojin ne da hiliyam. Manyan malaman fannin suka ƙi yarda da farko, daga baya suka dawo kan maganarta. A 1939 Hans Bethe ya fayyace hanyoyin da haɗuwar ke bi. A cibiyar ranarmu, inda zafi ya kai kimanin digiri miliyan 15, ana mayar da haidurojin wajen tan miliyan 600 zuwa hiliyam a kowane sakan.

Sauran matsalar ita ce tsallake giɓin nan na biyar da takwas. Idan haidurojin ya ƙare a cibiyar tauraro, sai ta tsuke, zafi ya hau zuwa digiri miliyan ɗari. A nan hiliyam biyu kan haɗu su zama beriliyam mai nauyin takwas, wanda ba ya kai ko kashi ɗaya cikin tiriliyan dubu na sakan kafin ya rabu. In hiliyam na uku ya riske shi a wannan ɗan taƙin, sai a sami kabon. Fred Hoyle, masani ɗan Ingila, ya lissafa ya ga cewa ta wannan hanya kabon ɗin da zai samu bai kai abin da ake gani a duniya ba, sai dai in cibiyar kabon tana da wani matakin kuzari na musamman da ke sauƙaƙa haɗuwar. A 1953 ya je cibiyar binciken Kellogg a Kaliforniya ya nemi a auna, aka auna, aka sami matakin kusan daidai inda ya ce. Daga kabon, ƙarin hiliyam ɗaya ke ba da oksijin.

Hujjar ido ta riga ta zo a 1952, lokacin da Paul Merrill ya ga alamar sinadarin teknitiyam a hasken wasu tsofaffin taurari. Wannan sinadari ba shi da nau'i mai ɗorewa. Mafi daɗewarsa rabinsa kan lalace cikin shekaru kimanin miliyan huɗu, taurarin kuwa sun fi haka tsufa nesa ba kusa ba. Ba yadda za a yi ya kasance gado suka yi, dole a cikinsu ake yin sa. A 1957 Margaret Burbidge da Geoffrey Burbidge da William Fowler da Hoyle suka tattara hanyoyin samar da sinadarai a taurari cikin maƙala guda mai tsawo, Alastair Cameron kuma ya kai ga irin wannan sakamako shi kaɗai a shekarar. A kan wannan harsashi fannin yake har yau.

Rana irin tamu a kabon da oksijin za ta tsaya. Amma tauraron da ya ninka rana nauyi sau takwas ko fiye yakan ci gaba: ya ƙona kabon, ya ƙona niyon, ya ƙona oksijin, ya ƙona silikon, kowane mataki ya fi na baya zafi ya kuma fi shi gajarta. Haidurojin kan ɗauke shi miliyoyin shekaru, kabon 'yan ɗaruruwa, oksijin watanni, silikon kuwa kwana ɗaya ko 'yan kwanaki a zafin da ya kai digiri biliyan uku. A ƙarshe cikinsa kan zama hawa-hawa kamar albasa, a tsakiya kuma dunƙulen baƙin ƙarfe da danginsa. Nan tafiyar take ƙarewa, saboda cibiyoyin baƙin ƙarfe da nikel su ne mafiya ƙulluwa a cikin sinadarai. Duk haɗuwar da ke ƙasa da su tana fitar da kuzari, wadda ke sama da su kuwa ci take yi. Baƙin ƙarfe tokar tauraro ne, ba ya ƙara ƙonuwa. Da dunƙulen ya yi nauyin da ba zai iya ɗaukar kansa ba, sai ya rufta cikin ƙasa da sakan ɗaya, sauran jikin tauraron ya tarwatse.

Akwai wani abu a nan da masu i'ijazi ba su cika ambata ba. Yawancin ƙarfen da ke wannan dunƙule ba ya fita, yakan danne ne ya zama tauraron niyutiron ko baƙin rami. Ƙarfen da ke watsuwa ana ƙera shi ne a lokacin fashewar kanta, kuma ba a matsayin ƙarfe yake fitowa ba. Nikel ne mai nauyin 56, wanda rabinsa kan rikiɗe ya koma kobal cikin kwana shida, kobal ɗin kuma rabinsa ya koma baƙin ƙarfe cikin kwana 77. An ga wannan ƙuru-ƙuru a tauraron da ya fashe a Babban Gajimaren Magellan, wanda haskensa ya iso duniya ranar 23 ga Fabrairu 1987: watanni bayan fashewar, haskensa ya riƙa raguwa daidai da saurin lalacewar kobal. Akwai kuma wata fashewar ta daban, ta ɗan ƙaramin tauraro mai tsananin cunkoso da ake kira farin wada, wanda kan tarwatse gaba ɗaya. A ƙididdigar masana da yawa, irin wannan ce ta samar da rabi ko fiye na baƙin ƙarfen da ke kewayenmu. Sinadaran da suka fi ƙarfe nauyi kuwa ta hanyar haɗiyar niyutiron suke samuwa, wasu a hankali a cikin tsofaffin taurari, wasu a cikin ƙiftawar ido, kamar a karon taurarin niyutiron biyu da aka gano ranar 17 ga Agusta 2017.

Inda hujjar ta tsaya da inda ta faɗi

Adalci ya sa mu fara da abin da suka faɗa daidai. Baƙin ƙarfen da ke duniya ba duniya ce ta ƙera shi ba, rana ma ba za ta iya ba. Wannan tabbatacce ne gwargwadon yadda ilmin gwaji ke tabbata.

Sai dai wannan hukunci bai keɓanci baƙin ƙarfe ba. Oksijin da muke shaƙa, da silikon da ke cikin yashi, da kalsiyam na ƙashi, da kabon na tsoka, babu ko ɗaya da duniya ta ƙera, duka daga taurarin da suka mutu kafin haihuwar rana suke. Ranar tamu ma har yau ba ta kai ga ƙera nata kabon ba. In saukarwa tana nufin samuwa a cikin tauraro, to ƙasar da muke takawa ita ma saukakkiya ce, kuma babu sauran abin da ayar ta keɓe baƙin ƙarfe da shi. Hujjar tana tsayawa ne kawai muddin mai sauraro bai san labarin sauran sinadaran ba.

Domin kauce wa wannan, wasunsu kan ce duniya ta fara samuwa ne tamkar tarin toka marar ƙarfe, sa'an nan aka yi mata ruwan duwatsun ƙarfe daga sama, suka nutse suka zama cibiyarta. Wannan ba shi ne abin da masana fannin suke a kai ba. Gajimaren ƙura da iskar da rana da duniyoyinta suka fito daga ciki, kimanin shekaru biliyan 4.6 da suka wuce, yana ɗauke da ƙarfensa tun farko, rana kanta akwai ƙarfe a jikinta. Duniya ta taru ne daga wannan ƙura, ƙarfe da dutse tare, kuma kusan sulusin nauyinta baƙin ƙarfe ne. Da ta narke saboda zafi, sai ƙarfen ya nutse tsakiya don nauyinsa. Abin sha'awa ma, sinadaran da masana da yawa ke ganin an ƙaro wa ɓawon duniya daga sama bayan cibiyarta ta kammala su ne zinariya da danginta. Tamar da maƙera ke narkawa kuwa, manyan ma'adinanta na duniya a ƙarƙashin tsofaffin tekuna suka kwanta, fiye da shekaru biliyan biyu da suka shige. Akwai ƙarfen da ya sauko daga fashewar tauraro bayan samuwar duniya, an gano burbushinsa mai nauyin 60 a ƙasan teku, amma abin da aka gano ɗin bai kai a ƙera allura da shi ba.

Mafi rauni a cikin maganganun da ake yaɗawa ita ce wai ƙera ƙwayar zarra ɗaya ta baƙin ƙarfe yana bukatar kuzarin da ya ninka na rana da duniyoyinta baki ɗaya. Wannan kuskure ne tsantsa. Kuzarin da ya ɗaure cibiyar zarrar ƙarfe bai kai kashi ɗaya cikin biliyan goma na jul ɗaya ba, ƙyasta ashana guda ya ninka shi sau biliyoyi. Haɗa ƙarfe daga ƙananan sinadarai ma fitar da kuzari yake yi. Abin da rana ta rasa shi ne tsananin zafi da matsi a cibiyarta, kamar yadda tarin itace komai yawansa ba ya narka tama sai an sa gawayi da zuga-zugi. A ɗakunan bincike, da na'urorin da ke harba cibiyoyin zarra, mutane sun ƙera sinadarai har zuwa mai lamba 118.

Mu koma ga luga, wadda ita ce fagenmu. Fi'ilin anzala a Alƙur'ani ba ga ruwan sama da wahayi kaɗai ya zo ba. A Suratuz Zumar an yi amfani da shi ga dabbobin ni'ima nau'i takwas, a Suratul A'araf ga tufafi, a cikin ayar ƙarfen kanta kuma ga ma'auni. Ba wanda ya ce raƙuma da tumaki a cikin taurari aka yi su. Magabata sun lura da wannan. An ruwaito daga Hasanul Basari cewa ma'anar saukar da ƙarfe ita ce halittarsa, ya kuma kafa hujja da ayar dabbobin. An ruwaito daga Ibn Abbas, kamar yadda Ɗabari da Ibn Kasir suka kawo, cewa Annabi Adamu ya sauko tare da kayan ƙira: uwar maƙera da awartaki da masaba. Ibn Taimiyya, wanda ya ƙi a fitar da kalmar daga ma'anar sauka ta haƙiƙa, ya fassara ta da saukar da ƙarfe daga ma'adinansa da ke kan duwatsu. Ra'ayoyi ne mabambanta, kowanne da madogararsa a harshen Larabci. Mai son ƙara ra'ayi na huɗu ko na biyar yana da damar ya ce lafazin zai iya ɗaukarsa. Amma da'awar i'ijazi ta fi haka nauyi: tana bukatar a nuna cewa lafazin wannan ma'ana yake nufi, kuma ba wanda zai iya faɗarsa a wancan zamani sai da wahayi.

Sharaɗi na biyun ma bai cika ba, domin mutanen da sun san ƙarfe na faɗowa daga sama. Tsofaffin Misirawa suna kiransa da sunan da ke nufin ƙarfen sama, kuma binciken da aka buga a 2016 ya tabbatar da cewa wuƙar da aka samu a kabarin Fir'auna Tutankamun da ƙarfen dutsen sama aka ƙera ta. Ibn Sina ya ba da labari a Kitabus Shifa na wani dunƙulen ƙarfe da ya faɗo a Juzjan a zamaninsa, har Sarki Mahmud na Gazna ya so a yi masa takobi da shi, ƙarfen ya gagari maƙera. Wanda ya gina hujjarsa a kan cewa ba wanda ya taɓa danganta ƙarfe da sama, ya miƙa wa abokin jayayya sanda da hannunsa.

Sai batun lambobi. Ana cewa kalmar hadid a hisabin abjadi 26 ce, daidai da lambar ƙarfe. In an sa mata alif da lam ta zama 57, daidai da lambar surar, daidai kuma da nauyin ƙarfe. Lissafin haruffan gaskiya ne: ha takwas, dal huɗu, ya goma, dal huɗu. Amma a cikin kowace ƙwayar zarra ɗari ta baƙin ƙarfe, kimanin 92 masu nauyin 56 ne, masu nauyin 57 biyu ne kacal. An tsallake rinjaye an ɗauki tsiraru don lissafi ya fita. Ana kuma cewa ayar ita ce ta 26, alhali a ƙidayar Kufa ta 25 ce, sai an ƙara basmala. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da muka gaji karatun Warshu: a ƙidayar mutanen Madina surar ayoyi 28 gare ta, ayar ƙarfe kuma ta 24 ce, kamar yadda littattafan ƙidayar ayoyi irin na Abu Amr ad-Dani suka nuna. Shin mu'ujizar ta tsallake allunan tsangayunmu ke nan? Kuma ƙa'idar da ta yi aiki sau ɗaya tak ba ƙa'ida ba ce. Kalmar zahab a hisabi 707 ce, lambar zinariya 79.

Darasi daga 1948

A shekarar 1948 Ralph Alpher da George Gamow suka buga maƙalar da ta ce dukan sinadarai, har da baƙin ƙarfe, a farkon halitta aka dafa su, kafin a sami tauraro ko ɗaya. Da wani mai tafsiri ya ɗaure ayar da wannan ra'ayi a lokacin, da cikin shekaru goma an kwance masa. Hoyle kuwa, wanda ya yi daidai a kan taurari, ya yi kuskure a kan farkon halitta: ya ƙi yarda da Babbar Fashewa, shi ne ma ya laƙaba mata sunan a wani shirin rediyo a 1949, ya kuma tsaya a kan ra'ayinsa ko bayan Arno Penzias da Robert Wilson sun bayyana gano ragowar zafin farkon halitta a 1965. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Har yau akwai abin da bai daidaita ba, domin litiyam ɗin da lissafi ya ce a samu ya ninka wanda aka auna a tsofaffin taurari kusan sau uku.

Kada a fahimci wannan a matsayin cewa tun da kimiyya na canzawa, sai a yi watsi da ita. Wannan wani ramin ne. Gazali ya yi gargaɗi a gabatarwar Tahafutul Falasifa cewa mai musun lissafin husufin rana da wata da sunan addini ya cuci addinin, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Ina ganin gargaɗin yana cin ɓangare biyu, mai musun abin da ya tabbata da mai jingina wa nassi abin da bai faɗa ba. Shaɗibi ya ɗauki ɓangare na biyun a Muwafaƙat, inda ya soki masu cusa wa Alƙur'ani kowane fanni na ilmi, yana mai cewa an saukar da shi ne bisa abin da Larabawan da aka fara yi wa magana suka saba fahimta. Ana iya saɓa wa Shaɗibi a faɗin da'awarsa, amma tambayar da ya ɗora tana nan: in ma'anar ayar ta dogara ga binciken 1957, me sahabbai suka fahimta daga gare ta?

Abin da suka fahimta a bayyane yake cikin siyaƙi. Ayar tana magana ne a kan aiko manzanni da hujjoji, da Littafi da ma'auni don mutane su tsayu da adalci, sa'an nan ƙarfe mai ƙarfin yaƙi da amfani ga jama'a. Magana ce a kan dangantakar shiriya da adalci da ƙarfin iko, da kuma jarrabawar wanda ƙarfen ya shiga hannunsa. Abin takaici, a yawancin wa'azin i'ijazi da na saurara, ana kai wa ga taurari a dawo ba a taɓa wannan ba.

Akwai wurin da ilmin taurari zai yi wa mai tafsiri hidima ba tare da tilasta wa lafazi ba. Fakhruddin ar-Razi, a tafsirin wannan aya, ya tsaya a kan cewa bukatar mutane ga ƙarfe ta fi bukatarsu ga zinariya nesa, domin noma da saƙa da gini duk sun rataya a kansa, sai Allah cikin rahamarSa Ya yawaita ƙarfe Ya ƙaranta zinariya. Razi ya ga hikimar, bai san sababin ba. Yau an san sababin: ƙarfe ne matattarar da ƙonuwar manyan taurari ke gangarawa gare ta, shi ya sa ya taru da yawa, zinariya kuwa sai a yanayi mai wuyar aukuwa take samuwa, har ya zama a jikin rana da duwatsun sama kowace ƙwayar zarra ɗaya ta zinariya tana fuskantar miliyoyin na ƙarfe. Wannan tadabburi ne a kan aikin Allah, yana ƙara wa maganar Razi haske, kuma in gobe an gyara wani lissafi a ciki, ayar ba ta motsa ba.

Musulmi ma suna da hannu a tarihin wannan bincike, ta wata ƙofa da masu i'ijazi ba su cika leƙawa ba. A shekara ta 396 bayan Hijira, wato 1006 Miladiyya, wani sabon tauraro ya bayyana a kudancin sama. Aliyu bin Ridwan, likitan Masar, yana matashi a farkon karatunsa ya gan shi, daga baya ya rubuta bayaninsa a sharhin da ya yi wa littafin Baɗlimus na taurari: ya faɗi matsayinsa a burjin Kunama, ya kwatanta girmansa da ninki biyu da rabi zuwa uku na Zahra, ya ce haskensa ya kai wajen rubu'in na wata. Ya kuma fassara shi da fassarar masu duba, ya danganta shi da yaƙe-yaƙe da yunwa, wannan ɓangaren ba wanda ke waiwayarsa yau. Awon da ya rubuta kuwa yana cikin abin da masana suka dogara da shi har aka gano ragowar tauraron a 1965 da na'urar hangen rediyo, a nisan tafiyar haske ta kimanin shekaru dubu bakwai. Bincike ya nuna fashewar farin wada ce, wato irin wadda ta fi kowace zubar da baƙin ƙarfe a sararin samaniya.